Baƙin Hawa na Tara

Ranar Alhamis ce, cikin Nuwamban 2006, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Zailani shi kaɗai ya rage a tashar.

Tashar rediyon ƙarama ce, ɗaki biyu a hawa na tara na wani tsohon bene a unguwar Liwan ta birnin Guangzhou, a China, saman rumbunan masu busasshen kifi da saiwoyin magani. Benen ba lif, matakala ɗaya ce tal. Mai tashar wani dattijo ne da ake kira Lao Fan, wanda ya shekara talatin yana gyaran rediyon mutane kafin ya buɗe tasa. Muryarta ba ta wuce 'yan unguwanni. Ba labarai, ba ƙwallo. Waƙoƙin Turawa kawai take sawa, kuma ba na rawa ba: irin na manya, gita da fiyano da mutum guda yana faɗin abin da ya kuɓuce masa. Masu saurare ba su da yawa, amma ba sa fashi. Akwai masu gadin rumbuna, da wata likitar haƙori, da direbobin tasi uku masu koyon Turanci.

Zailani ɗalibin injiniyan lantarki ne, ɗan Kurna a Kano, shekararsa ta uku a Guangzhou. Lao Fan ya ɗauke shi ne don yana jin Turanci, kuma ba ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba. Shirinsa mai sauƙi ne. Faifai guda ake sawa, daga farko har ƙarshe, ba surutu. Shi dai ya zauna da hedifon a kunne, ya saurari abin da ke fita a iska, ya lura da allurar sauti. Doka ɗaya gare su: kada tasha ta yi shiru. Shirun da aka yafe shi ne ɗan tazarar nan ta daƙiƙa biyu ko uku da ke tsakanin waƙa da waƙa.

Lao Fan ya sauka cin abinci, ba zai dawo ba sai bakwai. Na'urar faifai ta biyu tana wurin gyara tun Litinin.

Faifan ranar na wata mata ce mai shaƙaƙƙiyar murya. Waƙa goma. Zailani ya danna, ya gyara zama. Ta taga yana ganin rana ta makale tsakanin benaye, ja wur cikin hayaƙi. Garin ba a kiran salla a cikinsa, sai mutum ya kalli agogo. Ya kalla. Magariba ta yi. Ya ce a ransa bari waƙar farko ta ƙare, ya ga ta biyu ta kama lafiya, sai ya shimfiɗa darduma.

Waƙar ta ƙare. Allura ta kwanta.

"Salamu alaikum."

Muryar dattijo ce, a gajiye, irin ta wanda ya sha hanya.

"Wa alaikumus salam, a shigo mana," in ji Zailani.

Bai yi tunani ba. Lambar wayarsa ta daɗe tana yawo daga Kantin Kwari har Maradi, kuma duk mako sai wani baƙo ya tsaya a ƙofar ɗakinsu a unguwar Dengfeng da jaka da takarda a hannu, an ce masa ya nemi ɗan Kano mai jin Sinanci. Bakinsa ya saba. Sai da gita ta shigo sannan ya tuna inda yake.

Ya zare hedifon, ya waiwaya. Ƙofar ɗakin a rufe take, mai kauri, an lulluɓe ta da soso. Ko ganga aka buga a waje ba za a ji ba. Ya duba makirufo. A kashe. Ya buɗe ƙofa, ya leƙa ɗaki na biyu: kujerar Lao Fan, butar shayi, wayar hannunsa da ya manta a kan tebur. Ba kowa.

Ya dawo ya zauna. Ya san abin da ake kira kutsen wata tasha, ya karanta shi, ya ci jarrabawa a kansa. Amma bai san tashar da ke sallama da Hausa a Guangzhou ba.

Bai shimfiɗa dardumar ba. Ya mayar da hedifon, ya jira.

Waƙa ta biyu ta ƙare. Cikin shirun, ƙarfe ya yi kuka, doguwar ƙara mai sirara a ƙarshe. Ya san ta. Ƙofar ƙasa ce, ta bakin titi, wadda sai an sa kafaɗa take buɗewa. Hawa tara ne tsakaninsa da ita.

Fiyano ya fara.

A ƙarshen ta uku, takalmi. Silifa, ana jan ta a kan siminti. Taku uku, ba gaggawa. Da ganga ta shigo, takun ya tsaya cak, ƙafa ɗaya ba ta ma sauka ba.

Wayarsa ta yi ruri a aljihu, ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. Tankari ne, abokin zamansa, ɗan kasuwar Maradi mai sarin takalma a Zhanxi Lu. Ya girmi Zailani da shekara goma sha biyar. Duk Alhamis yakan kunna tashar a shagon da ake ɗaure masa kaya, ba don yana so ba, sai don ya sami abin tsokana.

"Injiniya, yau ma zaman makoki ne? Matar ga wa ya mutu mata?"

"Yaya Tankari." "Kana ji sosai?"

"Ina ji har ina hamma. Laoban, maigidan shagon nan, ya ce in kashe, ma'aikatanshi na barci tsaye. Bon, ba wannan ba. Wa kuka samu nan wurinku? Na ji an yi sallama, na ji ka amsa."

"Ka ji na amsa?"

"Tar. Na ce to, ɗan Kano ya fara saukar baƙi a wurin aiki. Mutumen ina ne?"

"Makirufona a kashe yake."

Tankari ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya a rabi. A bayansa ana jin ƙarar salatif ana naɗe kwali.

"Ƙanena, ka yi salla?"

"Ban yi ba tukuna."

"Tsaya. Ga ta za ta ƙare."

Su biyun suka saurara, ɗaya ta hedifon, ɗaya ta ƙaramar rediyo. Waƙa ta huɗu ta mutu a hankali. Silifa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai aka ji sarƙar keke ta yi ƙara, kamar an goge ta da gefen riga. Keken 'yar mai shara ne, wanda ake ɗaurewa a hawa na uku.

Kuma silifar ba ɗaya ba ce.

"Kai," in ji Tankari, murya ƙasa ƙasa. "Su nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Hito. Bar komi ka hito."

"Matakala ɗaya ce, Yaya."



"Karanta abin da ka sani. Ga ni nan tahe."

Daga Zhanxi Lu zuwa nan, a cunkoson yamma, rabin awa ne in an yi sa'a. Zailani ya kalli na'ura. Saura waƙa shida.

Ya zauna ya yi lissafi, don shi ne abin da ya iya. In da kiɗa, suna tsaye. In an yi shiru, suna tafiya. Ya duba maɓallan na'ura ɗaya bayan ɗaya. In ya mayar da faifan baya, sai an yi shiru kafin ya kama. In ya sa waƙa ɗaya ta riƙa maimaituwa, shirun yana nan a ƙarshenta. In ya sauya faifai, daƙiƙa goma ne cur. Ba inda zai taɓa bai ƙara musu hanya ba.

Sai makirufo. In shi ya cike shirun fa?

Da waƙa ta biyar ta zo gangara, ya ɗaga maɓalli, jar fitila ta kama. Ya fara Ayatul Kursiyyu, muryarsa tana fita a kan rufin Liwan zuwa kunnen masu gadi da likitar haƙori.

Takun bai tsaya ba. Sauri ya ƙara.

Kuma wani yana karantawa tare da shi. Dattijon nan. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, har ma da Zailani ya sarƙe a tsakiya, shi ya ɗora masa.

Ya kashe makirufo da tafin hannu.

"Madalla," in ji muryar, dab da kunnensa na hagu. "Yi ta magana, mai masauki. Muryarka muke bi. Duhu gare shi, benen nan."

Waƙa ta shida ta rufe ta.

Zailani ya zauna hannuwansa a cinya. Wani wari ya fara shigowa, ba na kifin ƙasa ba, ba na tabar Lao Fan ba. Warin rijiya ne da aka daɗe ba a ja ba, da na tabarmar da ta jiƙe ta bushe a naɗe.

Matar tana waƙa a kan wani gida a bakin teku. Ya ji kowace kalma. Bai taɓa so waƙa ta yi tsawo kamar wannan ba.

Ta ƙare.

Gwangwani ya faɗi, ya gangara matakala biyu. Gwangwanin turaren tsinke ne da tsohuwar hawa na shida take ajiyewa a gindin ƙofarta.

"Shekara nawa muna sallama a garin nan," in ji muryar. Ba fushi a cikinta. "Ƙofa ƙofa. Ba mai amsawa."

Ta bakwai.

Ya kira Tankari. Layi ya shiga, ba a ɗauka ba.

Ƙarshen ta bakwai. Numfashi, na mutane da yawa, irin na masu hawa da kaya a ka.

"Ba ɗaki muke nema ba. Ɗaki ba ya riƙe mu. Kai dai ka zauna yadda kake."

Ta takwas.

"Akwai wuri a jikinka. Mun ji daga muryarka. Za mu matsa wa juna."

Ya tashi tsaye. Ya ɗauki kwalin faifan don hannunsa ya sami abin riƙewa, sai ya ga 'yar takardar da Lao Fan ya manna a bayansa, da jan biro: waƙa ta goma, a tsayar a minti huɗu da daƙiƙa goma.

Ya san dalili. Masu irin wannan faifan suna da wata al'ada. Sai waƙar ƙarshe ta ƙare, su bar faifan yana juyawa ba sauti, minti shida, minti bakwai, sannan wata ɓoyayyar waƙa ta fito don wanda ya yi haƙuri.

Minti shida na shiru.

A daƙiƙa uku suna cin hawa guda.

Ya zaro wayarsa, ya soka mata iyafis, ya kamo tashar, don ya ji lokacin da kiɗan zai tsaya. Ya cire hedifon ya sa iyafis a kunne biyu, bai bar tazara ba. Ya ɗaura igiyar takalminsa. Ya tsaya a bakin ƙofar waje, hannu a kan mariƙi.

Ta tara ta ƙare.

Wani abu mai nauyi ya sauka a ƙasa, a ɗaya gefen ƙofar. Kaya aka sauke.

Aka ƙwanƙwasa. Sau ɗaya, da ladabi.

Gita ta shigo. Ta goma.

Ya buɗe.

Duhu. Fitilun matakalar irin masu kamawa da ƙara ne, sai an buga ƙafa ko an yi tari. Duk hawan da suka yi, ko ɗaya ba ta kama ba.

Ya buga ƙafa.

Dattijon yana tsaye taku ɗaya daga gare shi, hannu a ɗage, yatsu a lanƙwashe. Dogo ne har ya sunkuyar da wuya ƙarƙashin silin. Rigarsa fara ce da ta koma kalar ƙasa. Idanunsa a buɗe, ba sa kallon komai, kuma ƙura ta kwanta a kansu.

A bayansa wata mata da ƙullin kaya a ka. A bayanta wani. A bayansa wata. Kowace matakala da mutum, har inda haske ya ƙare.

Ba mai motsi. Ba mai numfashi.

Tsakaninsu da bango akwai tazarar da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Zailani ya juya gefe, ya manna bayansa da bango, ya shiga.

Rigar dattijon ta gogi fuskarsa. Sanyi, da danshi.

Hawa na takwas. Matar tana waƙa, a hankali, kamar tana da duk lokacin duniya.

Fitila ta mutu. Ya buga ƙafa. Fuska dab da tasa, baki a ɗan buɗe, a tsakiyar wata kalma.

Na bakwai. Gwiwarsa ta bugi ƙullin wani. Abin da ke ciki ya motsa.

Na shida. Ya taka tokar turare, ya zame, ya dafa kafaɗar wata tsohuwa. Hannunsa ya nutse kamar a cikin ƙullu.

Bai yi ihu ba. Muryarsa suke bi.

Na biyar. Amshi na ƙarshe ya wuce. Ya san waƙar, saura gita kaɗai.

Na huɗu.

Gitar tana sirancewa.

Na uku. Keke. Ya tsallake.

Tsit.

Fitila ta mutu.

A sama da ƙasa, gaba ɗaya, aka ja numfashi.

Silifu suka juya.

"Mai masauki." Daga can sama, amma a cikin kunnensa. "Ina za ka? Yanzu muka iso."

Ya daina bin bango. Ya sa kai ya faɗa cikinsu. Hannuwa suka taso, ba da ƙarfi ba, irin riƙon da ake yi wa mai gida kada ya wahalar da kansa. A wuya, a gwiwar hannu, a ƙugu. Wani ya kama jaket ɗinsa, ya zame hannuwansa ya bar ta. Wani yatsa mai sanyi ya zare iyafis na hagu, ya shiga wurinsa, ya ci gaba da shiga.

Ya yi tsalle cikin duhu.

Ya faɗi a kan kafaɗa, ya gangara, ya tashi. Ƙarfe a gabansa. Ya sa kafaɗar da ta bugu.

Ƙofar ta yi kukanta.

Titi ya rufto masa: hon, injin babur, mai kifi yana ciniki da ihu, amalanke tana kwaramniya a kan dutse. Ya yi rarrafe har tsakiyar hanya, ya zauna a cikin ruwan wankin kifi. Wata mota ta kauce masa, direban yana zagi. Bai taɓa jin abu mai daɗin wannan zagin ba.

A nan Tankari ya same shi, takalmi ƙafa ɗaya, yana riƙe da kunne.

Kunnen hagun bai ƙara ji ba. Likita ya haska, ya ce bai ga komai ba. Zailani bai koma tashar ba, bai je aji ba. Ya zauna a ɗakinsu na Dengfeng, rediyo a kunne dare da rana a kan wata tasha ta masu surutu, inda wani ke fara magana kafin wani ya gama. Tankari ya yi masa tofi, ya kawo masa tuwo daga gidan abincin 'yan Nijar, ya kuma daina tsokanarsa. Zuwa kwana na uku ya fara cewa wataƙila gajiya ce da yunwa, shi ma fa ba zai rantse a kan abin da ya ji ta ƙaramar rediyo cikin hayaniyar shago ba.

Ranar Lahadi, rana ta yi ƙasa, Lao Fan ya kira. Zailani ya sa wayar a kunnen dama.

Dattijon ya fara da faɗa. Minti shida tasha tana shiru, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya buɗe ta. Sai ya sassauta. Ya ce ya gane, sha'anin iyali ne, shi ma yana da dangi a ƙauye masu zuwa ba sanarwa.

"Wane iyali, laoban?"

"Mutanenka mana. Kwana uku suna zaune a matakala. Na ba su shayi, ba su sha ba. Masu ladabi ne ƙwarai, amma maƙwabta sun fara magana." Ya yi tari. "Ba sa jin Sinanci, sai na rubuta musu adireshinka a takarda, su nuna a hanya."

"Yaushe?"

"Ɗazu. Awa guda ke nan, ko fiye."

Wayar ta sulale daga hannunsa. Leɓunansa suna motsi, ba abin da ke fita.

"Mi ya ce?" in ji Tankari. "Injiniya, ɗaga murya. Wannan abu ya hana ni ji."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Aka yi sallama a bakin ƙofa.

Kafin Zailani ya kai hannu ya toshe masa baki, Tankari ya amsa.